Na je Santambul sarin abaya, na ɓige da bin sawun wani sarki

Wannan zuwana na huɗu kenan Istanbul, ko Santambul kamar yadda kakana yake kiranta, kuma duk zuwan da nake abu ɗaya ne ke kaini, sari. Abaya, jallabiya, kayan yara, wani lokacin takalma in an dace da farashi. Otal, shago, kago, filin jirgi, shikenan abin da na sani a garin. Wannan karon ne wani tsohon hoto ya cinye min kwana uku cur, har abokan tafiyata suka fara tambayar ko lafiya nake.

Daga Kano muka ɗau hanya bayan asuba mu uku, a Nuwamba, hazo ya fara sauka. Tsakanin Kwanar Dangora da Zariya na daina ƙirga shingaye, kowanne dai direba ya rage gudu ya ɗaga hannu yace ranka ya daɗe, wani a wuce salin alin wani sai an ɗan gaisa. A Rigasa muka hau jirgin ƙasa zuwa Idu, daga nan tasi zuwa filin jirgi. Jirgin sama awa shida da wani abu, ni dai barci nayi.

Sanyi ne ya fara yi mana sannu da zuwa. Sanyinsu ba irin namu na hunturu bane mai busar da leɓe, nasu jiƙaƙƙe ne, iska ce ke tasowa daga teku ta bi ta cikin rigar sanyi ta samu ƙashi. Jami'in shige da fice ya kalli fasfo ya kalleni yace me ya kawoka, nace kasuwanci, ya nemi takardar otal na nuna masa a waya ya buga hatimi. Muka hau bas ɗin Havaist zuwa Aksaray. Otal ɗinmu ƙarami ne a wani lungu tsakanin Aksaray da Laleli, dala 45 kwana ɗaya harda karin kumallo, in dai za a kira burodi da zaitun da cukwi da yankakken tumatir karin kumallo. Rana ta biyu na koma neman miyar adas da suke sha da safe, ita ce ta ɗan yi kama da abinci, a matsa mata lemon tsami a tsoma burodi. Akwai kuma wani nono da suke kira ayran, farkon zuwana na kurɓa da sunan zan ji kindirmo sai naji gishiri, yanzu kam na saba har nema nake.

Kwana biyun farko sari muka yi ba kama hannun yaro. Yaron da ke mana tafinta kuma yake haɗa mana kago ɗan Damagaram ne, karatu ya kawoshi, tarihi yake karanta a jami'a yana haɗawa da wannan buga-bugar. Rana ta uku mai shagon da zai bamu abaya yace kayan sai yamma zasu iso daga ɗinki, sai yaron nan yace Alhaji maimakon zaman otal zo in kaika Horhor ka ga kayan da. Nace muje.

Horhor ɗin nan ba nisa daga Aksaray, da ƙafa muka taka, ɗan hawa ne. A hanya 'yan sanda suka tsayar damu suka duba fasfona da katin zamansa, minti biyu suka sallamemu, a unguwar haka ake saboda baƙi sun yi yawa, duk wanda zai je kar ya bar fasfo a otal. Kasuwar gini ɗaya ce mai hawa-hawa, shaguna sun cika ta maƙil, kamar a ɗauki ɓangaren 'yan kayan gargajiya na Kurmi a jera shi a bene. Agogunan bango, fitilun gilashi, kujeru masu ruwan zinare, takubba, tangaran, ga ƙamshin tsohon katako da ƙura ko ina. Babu hayaniya ko kaɗan, masu shagunan suna zaune kowa da ɗan kofin shayinsa, ba mai jan hannunka.

A wani shago can ciki na ganshi, an jingine shi a ƙasa bayan wata kujera. Zane ne na fentin mai a kan ƙyalle, tsayinsa zai kai ƙuguna, firam ɗin duk ruwan zinaren ya ɓaɓɓare a kusurwa. Saurayi ne a jiki, gemu baƙi wuluk ba furfura ko ɗaya, rawani dogo da wani ado na duwatsu da gashin tsuntsu a gaba, alkyabba ja mai gashin dabba a wuya. Fentin ya yi duhu ya tsattsage ƙanana ƙanana kamar faso a diddige, ta wajen kafaɗa ma akwai inda aka taɓa yin ƙari, launin bai zo ɗaya ba. Amma idon ne ya riƙeni wallahi. Ba irin kallon sarakai na zare ido bane, kallo ne na mutum mai kunya, irin wanda in kazo roƙonsa abu ba zai iya cewa a'a ba. Na tsuguna ina kallo har mai shagon, wani dattijo mai tabarau a rataye a wuya, ya taso ya janye kujerar ya kunna ƙaramar tocila yana haska min.

Yace Sultan Salim ne, na Uku. Yaron ya fassara min sannan ya ƙara da nasa, yace Alhaji ai maƙwabcinka ne, kullum ta ƙofarsa kake wucewa da ledojinka. Nace kamar yaya, yace bari mu fita.

Na tambayi kuɗi don dai in ji. Dala 6,000. Na yi dariya nace a gaya masa ni abaya nazo saye. Shima ya yi dariya ya aika aka kawo mana shayi, ya juya zanen ya nuna min bayan ƙyallen yadda ya koma ruwan ƙasa da ƙusoshin da suka yi tsatsa, wai shaidar tsufa kenan. Ni ɗan kasuwa ne, nasan yadda ake tsufar da kaya in ana so, don haka na gyaɗa kai kawai. Na nemi izini na ɗau hoton a waya.

Da muka sauko yaron ya kaini masallacin Laleli. Nan fa kunya ta kamani, don masallacin nan na yi salla a cikinsa ya fi sau talatin, a ƙarƙashinsa ma akwai shaguna da na taɓa sayen kayan yara. Sarki Mustafa na Uku ne ya gina shi a shekarun 1760, kuma a gefen titi inda taragon lantarki ke wucewa akwai hubbare mai tagogin ƙarfe, a ciki Mustafan yake kwance da ɗansa Salim. Muka cire takalma muka shiga. Kaburburan an rufe su da akwatunan katako an lulluɓe da ƙyalle, an ɗora rawani ta wajen kai. Shiru, sai ƙarar tarago da ta masu tura kaya a kura daga waje. Muka yi musu addu'a, muka zauna a dakalin waje yaron ya fara bani labari, sauran kuma na bi na karanta da daddare a waya har cajina ya ƙare.

An haifi Salim a 1761. Mahaifinsa ya rasu a 1774 yana ɗan shekara 12, sarauta ta koma wajen baffansa Abdulhamid na Ɗaya, shi kuma aka ajiye shi a wani sashe na fada da ake tsare 'ya'yan sarauta, shekara 15 yana ciki. A nan ya koyi busa sarewa da rubuta waƙa, har yau mawaƙan gargajiyar Turkiyya suna rera abin da ya tsara, kuma daga cikin tsaron nan ya riƙa musayar wasiƙa da sarkin Faransa Luwis na 16. Ya hau gado a 1789 yana da shekara 27, a tsakiyar yaƙi da Rasha da Ostiriya, ana ta cin sojojinsa. Da aka yi sulhu sai ya tara manyansa yace kowa ya rubuto abin da yake ganin ya lalace.

Abin da ya lalace kuwa kowa ya sani, Yeniceri ne. Sojojin ƙasa ne na daular Usmaniyya ta Turkawa, waɗanda a da in an ambace su Turai take rawar ɗari, amma zuwa lokacin Salim da yawansu sun zama masu shago, mahauta, masu gidan gahawa, suna dai cikin rajista. Takardar karɓar albashin soja ta zama haja, ana sayar da ita ana jinginar da ita, mutum ya mutu shekara da shekaru wani yana karɓar albashinsa. Da yaron ya zo nan na ce tsaya, wannan ai ma'aikatan bogi ne, yace Alhaji su ne sak. Na tuna duk lokacin da aka ce za a yi tantance ma'aikata a gida irin kururuwar da ake, to bare waɗannan da bindiga a hannunsu.

Salim bai iya rushe su ba sai ya kewaye su. Ya kafa sabuwar runduna a gefe, sunanta ma ba sai an fassara wa Bahaushe ba, Nizami Jadid. Aka ɗebo samarin ƙauye daga Anatoliya, aka ɗinka musu kaki, aka kawo masu horarwa daga Turai suna koya musu fareti da harbi a jere, aka buɗe musu baitulmali na daban da sababbin haraji. Ya tura jakadu su zauna dindindin a Landan a 1793, sannan Biyana da Balin da Faris. Kuma yaran sun nuna kansu, a 1799 suna cikin waɗanda suka tsare garin Akka har Napoleon ya gaji ya janye. Kafin 1807 sun haura mutum 20,000.

Washegari Talata na ce wa abokan tafiya su je wajen kago ni ina da uzuri. Na sa kuɗi a Istanbulkart, katin biyan kuɗin abin hawa na garin, na hau tarago daga Laleli zuwa Sultanahmet na taka har ƙofar fadar Topkapi, ashe ranar Talata a rufe take. Na sayi simit, wani burodi zagaye mai riɗi, na zauna ina ci kyanwoyi sun zagayeni. Tunda na riga na fito sai na gangara Eminonu na hau jirgin ruwa zuwa Uskudar, wato ɓangaren Asiya, kuɗin bai kai na ɗan sahu daga Kwari zuwa Hotoro ba in ka ɗauke shi shata, minti ashirin ma bai cika ba, ga shayi ana zagawa da shi a tire. Daga nan na bi bakin ruwa da ƙafa iska tana dukana har na hango barikin Selimiye. Ƙato ne na gaske, murabba'i, da hasumiya a kowace kusurwa huɗu. Salim ya fara gina shi da katako wa sabbin sojojinsa a wajajen 1800, aka ƙone shi a tarzomar Yeniceri, wanda ake gani yanzu na dutse Mahmud na Biyu, ɗan baffansa da ya yi sarauta daga baya, shi ne ya fara tayar da shi. A cikinsa ne Florence Nightingale ta yi jinyar sojojin Ingila lokacin yaƙin Kirimiya a 1854. Har yau bariki ne, ga alluna an hana ɗaukar hoto, na maida wayata aljihu tun kafin a ce min. Na yi azahar a masallacin da Salim ya gina a gefen barikin, mu bakwai ne a sahu, wani tsoho ya kama hannuna bayan sallama yana tambaya Sudan? Nace Najeriya, ya dafa ƙirji.

Laraba na koma Topkapi da yaron. Kuɗin shiga na baƙo ya ninka na ɗan ƙasa ninkin ba ninkin, na biya ina ƙunƙuni, aka wuce da jakata ta na'ura. Mun fi awa a ɗakin amanoni masu tsarki, wato kayan da ake danganta wa Manzon Allah da sahabbai, inda ake karatun Alƙur'ani ba dare ba rana, wannan labari ne na daban, duk Musulmin da ya je ya shiga. Abin da ya kawoni yana tsakar gida ta biyu. A dama ga ɗakunan girki da bututun hayaƙinsu a jere, a ciki tukwane ne da ƙato zai shiga ya zauna. Yaron yace a filin nan ake biyan Yeniceri albashi duk wata uku, a fito musu da miya da shinkafa, in sun ci to lafiya, in sun ƙi taɓawa kowa a fada ya shiga taitayinsa. In kuma abin ya kai maƙura sai su kifar da tukwanensu a barikinsu, alamar tawaye kenan. Barikin nasu kuwa a wani fili yake da ake kira Filin Nama, a Aksaray, wato unguwar da nake kwana.

A Mayun 1807 aka kifar da tukwanen. Masu gadin ganuwoyin mashigin Bosforus ne suka fara, ƙarƙashin wani Kabakci Mustafa, kan jita-jitar za a sa musu sabon kaki, suka nufo gari Yeniceri suka mara musu baya. Nan ne abin ya ɓata min rai da mutumin hoton nan. Yana da sojoji horarru a bariki suna jiran umarni, bai fito da su ba, wai kar a zubar da jinin Musulmi, ƙarshe ma ya rushe rundunar da hannunsa ya miƙa wasu daga cikin mutanensa don a lallashi 'yan tawaye. Bai tsira ba, Shaihul Islam ya ba da fatawa aka tuɓe shi aka naɗa ɗan baffansa Mustafa na Huɗu. Ni a ganina mutumin kirki ne amma taushinsa ya yi yawa, kuma wanda ya zana idon nan ya gane haka ko da gani ko da ji.

Bayan shekara ɗaya wani babban hakimi daga yankin kogin Danub, Alamdar Mustafa Fasha, ya taho da runduna zai maida Salim kan gado. Ranar 28 ga Yulin 1808 yana buga ƙofa daga waje, a ciki Mustafa na Huɗu ya ba da umarni a kashe Salim da ƙaninsa shi Mustafan, Mahmud, don ya zama babu sauran namiji a gidan sai shi. Suka samu Salim a cikin gida suka kashe shi, aka fito da gawar aka ajiye wa Alamdar. Na tsaya a ƙofa ta uku, wadda suke kira Ƙofar Sa'ada, mai rumfa da ginshiƙai, 'yan yawon buɗe ido suna ta ɗaukar kansu hoto. A gaban wannan ƙofar ce aka zana Salim a wani sanannen zane yana zaune a karaga ana masa gaisuwa, manyan fada sun yi sahu da rawuna. Lissafi na yi a tsaye, a shekarar da aka kashe shi Alƙalawa ta faɗi a hannun jama'ar Shehu, wato lokacin da ake Tabkin Kwatto a 1804 shi yana nan yana fama da masu tukwane.

Mahmud kuwa wata baiwa ce ta cece shi, Jewri Kalfa. Ta tsaya a saman matakala da kaskon toka mai zafi tana watsa wa makasan a ido har aka fitar da shi ta rufin ɗaki. Ya hau gado yana ɗan shekara 23. Shi bai yi gaggawa ba kuma bai yi kunya ba, shekara 18 yana lallaɓawa yana jan malamai da 'yan igwa a jiki, sai a Yunin 1826 da Yeniceri suka sake kifar da tukwane ya sa aka buɗe wa barikinsu igwa, dubbai suka mutu, aka shafe sunan rundunar. Shi ne kuma ya sa ma'aikatan gwamnati suka ajiye rawani suka koma jar dara, irin dai wadda tsofaffinmu ke sawa, daga baya har ya sa ana rataye hotonsa a ofisoshi da barikoki, abin da ya jawo masa zagi wajen masu ganin haramun ne. Da muka fito muka biyo titin tarago da ƙafa, yaron ya nuna min makarantar yara da Mahmud ya gina da sunan baiwar nan, gaba kaɗan kuma hubbarensa. Muka ci dona, irin shawarmarsu, a tsaye, ƙafata kamar ba tawa ba.

Abokan tafiyata dai sun gama haɗa kago ba ni, ɗaya yace Alhaji in tarihi ne zai biya kuɗin kilo to bismilla. Kuɗin kilon kago ya tashi, lira ta faɗi amma kaya basu sauko ba don duk da dala suke lissafi, na rage katan biyu daga abin da na yi niyya.

Ranar da zamu taso na sake komawa Horhor ni kaɗai, ba tafinta, da kalkuleta muka yi magana. Dattijon ya danna 4,500, na danna 300, ya cire tabarau ya goge ido don dariya. Ko da ina da kuɗin ma ba zai yiwu ba, dokar ƙasar ta hana fita da kayan tarihi sai masana gidan tarihi sun duba sun ba da takarda, wanda aka kama da irinsu a filin jirgi kuwa ya shiga uku. Sannan a ina zan rataye shi, a falon da Malam ke zuwa yi wa yara karatu? Ya sake bani shayi, ya jawo kujera ya ajiye min a gaban zanen ya koma kan jaridarsa. Na zauna kamar minti goma sha biyar. A hasken rana na lura da abin da ban gani ba ranar farko, a hannunsa na dama akwai carbi, fentin wajen ya kusa gogewa.

Dawowa ba wani labari, sai dai jakata ɗaya ta kwana biyu kafin ta biyoni. Da na je gaida Hajiya na zauna a tabarma ina nuna mata hotuna a waya, masallatai, teku, kyanwoyi, har muka zo kansa. Ta karɓi wayar ta nisanta ta da fuska tace wannan wane malami ne. Nace ba malami bane Hajiya, sarkin Santambul ne, kashe shi aka yi. Tace Allah sarki, Allah ya jiƙansa, da ganinsa ba shi da faɗa. Ta miƙo min wayar tace to ina abayar tawa, kar dai ka ce min tana cikin kago.